Madannin nema ya tsaya a kan magana ɗaya

Duk wanda ya daɗe yana rubuta kod ya san cewa ba rubutun ne yake cin mafi yawan lokacinsa ba, karatu da nema su ne suke cinye yini. Mutum yakan buɗe fayil mai tsawo da wani ya rubuta bara, yana so ya ga inda aka fara ambaton wani suna, da inda aka sauya ƙimarsa, da inda aka kira shi daga wani fayil dabam, kuma a kowane mataki hannunsa na hagu yana komawa kan Ctrl da F ba tare da ya dubi allon madannai ba. Saboda haka nake ganin babu wata gajeriyar hanya a cikin manhajar rubuta kod da ta cancanci a kula da ɗabi'arta kamar ta nema. Abin da nake buƙata daga gare ta bai wuce ɗaya ba: ta yi yau abin da ta yi jiya, kuma ta yi a wannan sashe na manhajar abin da ta yi a wancan.

Ina zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, inda nake rubuta ƙananan manhajoji na lissafin kayan shago da na kuɗin makaranta, da yamma kuma ina zama da wasu matasa masu koyon wannan sana'a. A wurinmu ba kowa ne yake da kwamfutar kansa ba. Ɗalibi zai fara aiki da safe a kan ta ofishin yayansa, ya ci gaba da rana a shagon intanet, ya ƙarasa da dare a kan wadda abokinsa ya ara masa. Wanda ya shekara da shekaru a kan na'ura ɗaya yana iya gyara ta yadda ransa yake so har ya manta da yadda ta zo, amma mai yawo tsakanin na'urorin mutane ba shi da abin dogaro sai ɗabi'ar da masu manhajar suka ba ta tun asali, kuma idan wannan ɗabi'a tana da baki biyu, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Tushen maganar shi ne hannu yana riga tunani. Mai babur ɗin haya da ke ratsa kasuwar Garwa ba ya tsayawa tuna inda birki yake idan yaro ya faɗo titi, ƙafarsa ta riga ta taka kafin hankalinsa ya iso. Da a ce wannan takin yana tsayar da babur a kan kwalta amma yana sauya giya a kan yashi, da babu gwanintar da za ta fisshe shi. Masu nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta sun daɗe da fahimtar wannan. Larry Tesler, wanda ya yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC kafin ya koma Apple, ya shafe rayuwar aikinsa yana yaƙi da tsarin da madanni ɗaya yake sauya ma'ana gwargwadon yanayin da manhaja take ciki. Jef Raskin, wanda ya fara aikin Macintosh, ya ɗauki nema da muhimmanci har na'urar Canon Cat da aka fitar a 1987 bisa tsarinsa ta zo da madannai biyu na musamman a ƙarƙashin dogon madannin tazara, ɗaya na nema zuwa gaba, ɗaya zuwa baya, kuma ba su da wani aiki da zai sa mai rubutu ya yi shakkar abin da za su yi.

Wani abokin aiki ya taɓa ce mini sabo turken wawa ne, mai hankali yana duba allo kafin ya danna. Na yarda cewa akwai sabon da yake ɗaure mutum ga abin da ba shi da amfani, amma wannan ba irinsa ba ne. Hankalin mai rubuta kod yana riƙe da abubuwa da yawa a lokaci guda: sunan da yake bi, dalilin da ya sa yake binsa, da layin da zai koma bayan ya gama. Duk lokacin da madanni ya yi abin da bai zata ba, dole ya ajiye waɗannan ya dubi manhajar kanta, kuma sau da yawa idan ya dawo sai ya tarar ɗaya daga cikinsu ya ɓace masa. Sabon hannu a nan shi ne abin da yake ba wa ƙwaƙwalwa damar tsayawa a kan aikin.

Bambancin da ke tsakanin manhaja da manhaja tsohon abu ne, kuma yana da tarihinsa. Bill Joy ya rubuta manhajar rubuta kod mai suna vi a 1976, lokacin da babu wata yarjejeniya a kan Ctrl da F, shi ya sa a vi da magajiyarta Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ana nema da alamar /, ana zuwa sakamako na gaba da n, na baya da N, shi kuwa Ctrl+F gangarawa shafi ɗaya yake yi. A Emacs, wata tsohuwar manhajar rubuta kod, Ctrl+F yana matsar da alamar rubutu harafi ɗaya zuwa gaba, nema kuma yana kan Ctrl+S, wanda kusan ko'ina yau yake nufin adana fayil, kuma a cikin tagar umarni ta Linux, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, yana iya daskarar da fitowar rubutu har sai an danna Ctrl+Q. Ƙoƙarin haɗa kan manhajoji ya zo daga baya: IBM ta fitar da ƙa'idojinta na CUA, masu daidaita yadda manhajoji suke amfani da madannai, a 1987, Apple ma ta kafa nata, kuma sannu a hankali harafin F ya zama na nema a Windows da Mac da burauza. Duk da haka an sami masu fita daga sahu, kamar manhajar imel ta Outlook, inda Ctrl+F yake tura wasiƙa ga wani maimakon ya nemo kalma a cikinta.

Misalin nano, ƙaramar manhajar rubutu da ke gudana a tagar umarni, ya fi ba ni sha'awa, domin yana nuna cewa ana iya gyara. Shekaru da yawa nema a nano yana kan Ctrl+W, wanda a burauza yake rufe shafi, don haka duk wanda ya shiga sabar, wato kwamfutar da ake aiki a kanta daga nesa, ta tagar umarni da ke cikin burauza, ya buɗe nano, ya nemi kalma, yana iya ganin shafin gaba ɗaya ya rufe. A 2024, da fitowar nano 8.0, masu kula da ita suka ɗora nema zuwa gaba a kan Ctrl+F, zuwa baya a kan Ctrl+B. Sai dai sabobi da yawa har yanzu tsohuwar suke ɗauke da ita, kuma za a ɗauki lokaci ana tarar da ɗabi'u biyu a ƙarƙashin suna ɗaya.

Wannan irin bambanci ana iya koyonsa, saboda fuskar Vim ba ta kama da ta Notepad++, kuma ido yana sanar da hannu cewa an shiga wani gida. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne bambancin da ke cikin manhaja ɗaya, inda allon bai sauya ba amma madannin ya sauya hali. Zan ɗauki Visual Studio Code, wadda ta fito a 2015, domin ita ce mafi yawan matasanmu suke amfani da ita, kuma domin ta ba da saituna da ake iya nunawa da yatsa. A cikinta kowace gajeriyar hanya tana da sharaɗi da ake rubutawa a ƙarƙashin kalmar when a fayil ɗin keybindings.json, wanda yake faɗin inda madannin zai yi aiki. Ctrl+F a cikin fayil yana buɗe akwatin nema na fayil, amma idan danna linzami na ƙarshe ya faɗa a tagar umarni da ke ƙasa, madannin nan zai buɗe wani akwati dabam mai neman rubutun tagar umarni, kuma ba zai isa ga nano ko Vim da ke gudana a ciki ba sai an cire umarnin daga jerin terminal.integrated.commandsToSkipShell. Abin da yake raba waɗannan yanayi biyu a ido ƙanƙani ne, wani lokaci bai wuce ko alamar rubutu tana ƙiftawa a sama ko a ƙasa ba.

Har alkiblar tafiya ba ɗaya ba ce. A akwatin nema na fayil, Enter yana gangarawa zuwa sakamako na gaba, amma a na tagar umarni yana hawa sama zuwa na baya. Na fahimci hujjar: a tagar umarni sabon rubutu yana ƙasa, don haka mai nema yawanci baya yake son komawa. Hujja ce mai ma'ana idan aka dubi tagar ita kaɗai, amma mutum ɗaya ne yake amfani da tagogin biyu, cikin minti ɗaya, da yatsa ɗaya, kuma a ganina ribar da aka samu ba ta kai asarar da aka yi ba.

Inda na fi son in tsaya shi ne tambayar abin da yake shiga akwatin nema a lokacin da aka buɗe shi, domin a nan ne wayon manhaja yake yawan karo da niyyar mai aiki. Akwai hanyoyi uku da manhaja take iya bi: ta bar kalmar da aka nema a baya, ko ta ɗauki abin da aka zaɓa da linzami, ko ta ɗauki kalmar da alamar rubutu take kai ko da ba a zaɓe ta ba. A Visual Studio Code saitin editor.find.seedSearchStringFromSelection ne yake yanke wannan hukunci, kuma kamar yadda ya zo, yana ɗaukar har kalmar da ke ƙarƙashin alamar rubutu. Ga yadda abin yake kasancewa a aikace. Kana bin wani suna, ka same shi a wuri na farko, ka rufe akwatin, ka gyara layin da ke kusa, sannan ka sake danna Ctrl+F don ka ci gaba. Sai ka tarar sunan da kake bi ya tafi, wata kalma da ba ka nema ba ta zauna a wurinsa, kawai saboda nan alamar rubutu ta tsaya. Idan ka riga ka danna Enter, kamar yadda hannu yakan yi, manhajar ta kai ka wani sashe na fayil ɗin da ba ka da aiki a can. Kibiyar sama tana dawo da abin da aka nema a baya, F3 kuma ya fi dacewa da ci gaba da nema, amma mai koyo ba ya sanin waɗannan a makonninsa na farko, abin da yake gani kawai shi ne madanni ɗaya ya ba shi sakamako biyu. Ni na fi son a sa saitin a kan selection, wato a ɗauki abin da mutum ya zaɓa da gangan kawai, domin zaɓa aiki ne da mutum ya yi da niyya, tsayawar alamar rubutu kuwa ba niyya ba ce. Kwamfutocin Mac, waɗanda ba su da yawa a nan, sun raba ayyukan biyu tun da daɗewa: Cmd+E yana sa abin da aka zaɓa ya zama abin nema, Cmd+G yana zuwa na gaba, kuma kowane madanni yana da aiki ɗaya.

Sai kuma ƙananan maɓallan da ke gefen akwatin, na bambanta manyan haruffa da ƙanana, na neman cikakkiyar kalma, da na regex, wato salon da ake siffanta ƙirar abin nema maimakon a rubuta shi harafi-harafi. Waɗannan suna zama a kunne bayan an gama amfani da su, kuma akwatin fayil ɗaya yana da nasa, na neman dukkan fayiloli da ake buɗewa da Ctrl+Shift+F yana da nasa. Wanda ya bar regex a kunne ya dawo yana neman rubutu mai ɗigo ko baka zai sami sakamakon da bai dace ba, domin a regex ɗigo yana nufin kowane harafi, baka kuma tana buɗe rukuni. Neman dukkan fayiloli, wanda yake gudana a kan manhajar nema ta ripgrep da Andrew Gallant ya rubuta, yana tsallake fayilolin da aka lissafa a .gitignore, wato jerin fayilolin da aka ce a yi watsi da su, don haka kalmar da take cikin irin waɗannan fayiloli tana iya ƙin bayyana a babban nema. Mai koyo da ya ga an ce babu sakamako yakan yarda cewa babu, ya goge aikin da yake zaton ba a amfani da shi a ko'ina, alhali ana amfani da shi. Ko Vim tana da irin wannan: saitin smartcase, mai sa nema ya bambanta manyan haruffa da ƙanana idan akwai babban harafi a abin nema, yana aiki idan ka rubuta abin nema bayan /, amma ba ya aiki idan ka danna * a kan kalma.

Duk wannan ya shafi kowa a duniya, amma akwai wani nauyi da ya fi faɗowa a kanmu, mu da muke zaune tsakanin ƙasashen Faransanci da Najeriya. Kwamfutocin ofisoshi da makarantu daga Ngaundere zuwa Marwa har Njamena yawanci allon AZERTY na Faransanci gare su, waɗanda ake shigowa da su ta Yola da Mubi da Kano kuwa QWERTY na Turanci ne, akwai kuma na uku da ake yawan gani, inda haruffan da aka buga a kan madannai na QWERTY ne amma an saita na'urar a kan Faransanci, har abin da ido yake gani ba shi ne abin da yake fita ba. An yi sa'a F da H da D da R ba sa motsawa tsakanin allunan biyu, amma A da Q suna musayar wuri, haka Z da W. Ma'anar wannan ita ce wanda ya maye gurbin kalmomi bisa kuskure, ya kai hannu ga Ctrl+Z don ya janye, idan yana kan allon da bai saba da shi ba, Ctrl+W zai danna, fayil ɗin ya rufe, kuma wannan yana faruwa ko daga AZERTY mutum ya zo ko daga QWERTY. Haka Ctrl+A na zaɓar komai yake zama Ctrl+Q, wanda a manhajoji da yawa na Linux yake rufe manhajar ɗungurungum.

Alamomin nema ma suna da tsada a AZERTY. Alamar / da Vim ta dogara da ita, wadda take buƙatar yatsa ɗaya a QWERTY, a nan sai an haɗa da Shift, lambobi ma haka, sannan alamomin da regex ba ya tafiya sai da su, irin su [ da { da | da \, duk suna bayan AltGr, madannin da ke dama da dogon madannin tazara. A Windows ana ɗaukar AltGr a matsayin Ctrl da Alt a haɗe, don haka duk wanda ya ƙirƙiro gajeriyar hanya mai Ctrl+Alt ba tare da ya gwada ta a kan allon Faransanci ba yana iya ƙwace wa mutum alamar da yake ƙoƙarin rubutawa. A Linux kuma, saitin keyboard.dispatch na Visual Studio Code yana yanke ko za a bi matsayin madanni a jikin allo ko lambar da tsarin na'ura ya aiko, kuma mayar da shi keyCode yakan warware rikicin masu sauya allo ko masu aiki daga nesa. Ga wata ƙaramar damuwa ta masu rubuta saƙonnin manhaja da Hausa: a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne biyu dabam, haka d da ɗ, don haka idan wani ya rubuta kuɗi da lanƙwasa, wani ya rubuta ba lanƙwasa, nema ɗaya ba zai kamo su duka ba.

Haɗarin yana ƙaruwa idan aka matsa daga nema zuwa maƙwabtansa. Maye gurbi yana kan Ctrl+H a Visual Studio Code da Notepad++, amma a manhajojin JetBrains yana kan Ctrl+R. Ctrl+D a Visual Studio Code da Sublime Text yana ƙara zaɓar wuri na gaba da kalmar ta bayyana, a Notepad++ da JetBrains yana maimaita layi, a Eclipse kuwa goge layin yake yi. Nema da ya kauce yana ɓata minti ɗaya, amma waɗannan suna taɓa kod ɗin kansa.

A burauza ma haka: editocin da ke cikin shafukan intanet, irin su Monaco da CodeMirror, layukan da ke bayyane kawai suke zanawa, shi ya sa suke karɓe Ctrl+F daga burauza, kuma idan danna linzami ya faɗa wajen akwatin kod ɗin, neman burauza ne zai buɗe, wanda ba ya ganin sauran fayil ɗin.

Abin da muke yi a zamanmu na yamma bai da yawa. Kafin mu shiga wani darasi na kod, kowa yana buɗe jerin gajerun hanyoyi da Ctrl+K sannan Ctrl+S, ya ga da idonsa cewa madanni ɗaya yana iya bayyana a layuka da yawa, kowane da sharaɗinsa. Muna mayar da saitin cika akwati zuwa selection, muna juya Enter na tagar umarni ya gangara kamar na fayil, muna sabawa da F3 da Shift+F3 a matsayin gaba da baya, kuma idan wani madanni ya yi abin da ba a gane ba muna kunna umarnin Toggle Keyboard Shortcuts Troubleshooting, wanda yake rubuta abin da manhajar ta karɓa da dokar da ta bi. Fayilolin settings.json da keybindings.json kowa yana ajiye su a filas ɗinsa tare da aikinsa, domin daidaita saituna ta intanet yana buƙatar shiga asusu, abin da bai dace a yi a kan kwamfutar shago ko ta aro ba, kuma muna mayar wa mai na'ura saitunansa kamar yadda muka same su kafin mu tashi.

Amma filas ba zai ɗauke wa masu ƙera manhajoji nauyinsu ba. Ina roƙonsu, duk lokacin da za su ƙara wani sabon sashe mai akwatin nema, su ba shi madannin buɗewa, da alkiblar Enter, da dokar cika akwati irin na sassan da suka riga shi, Escape kuma ya rufe akwatin ya mayar da mutum cikin rubutunsa. Idan dole ne wani sashe ya bambanta, a nuna bambancin a allo yadda ido zai gan shi kafin yatsa ya sauka, kuma idan nema ya tsallake wasu fayiloli ko regex yana kunne, a faɗi haka kusa da sakamakon, musamman lokacin da sakamakon ya zama babu. Sannan kafin a fitar da sabuwar gajeriyar hanya, wani daga cikinsu ya zauna ya gwada ta a kan allon AZERTY, da kuma kan allon QWERTY da aka saita a kan Faransanci.